Janar Ilarion a Hannun Tanti Ortansa

Sibiu, 6 ga Maris

Sabin, jikan Inna Anika,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ƙurar masana'antar tayil ɗin nan ta Sifen ba ta gama cinye maka huhu ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun kafin rediyo ya sani. Ƙanƙara ta narke, kasuwa ta zama taɓo, cuku yana tafiya, kabeji mai tsami ya kusa ƙarewa.

Na ɗauki biro ne in taya danginmu murna. Tun daga kan kakannin kakanninmu mun yi makiyaya, mun yi direban jirgin ƙasa guda, mun yi mawaƙin coci da aka sallama, amma ba mu taɓa yin mai rundunar yaƙi ba sai a kanka. Ga kuma tawali'u. Shekara biyu ke nan ka ajiye min akwati huɗu a ɗakin ƙasa, tsakanin gangar kabeji da kwalaben tumatir, ka ce min, "Kayan makaranta ne, Tanti." Jiya na buɗe. Soja ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne bai kai babban yatsana ba, kowanne kwance cikin soso kamar jaririn asibiti. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa gunaguni. Da gwamnati ta san da kai, da tuni ta ba ka ma'aikatar tsaro.

Abin da ya sa na buɗe shi ne, wani mutum mai nakatai ya zo rumfata ranar Alhamis. Ya ce sunansa Domnu Horia, wato Malam Horia, mai kantin magani, kuma shi ne alƙalin ƙungiyarku ta masu yaƙin tebur. Ya ɗanɗana cuku sau biyu bai saya ba, sannan ya cire hula ya ce, "Uwargida, na zo ne a kan maganar Janar Ilarion. Rayuwarsa na cikin haɗari."

Na ce, "Allah sarki. Wane asibiti yake?"

Ya ce, "Yana ɗakin ƙasanki."

Ga abin da na fahimta, ka gyara min in na kauce. Kuna da taswirar wata ƙasa da babu ita, kowannenku yana da gari a ciki. Yaƙin da kuka shekara tara kuna yi zai ƙare da karawa uku, ranar ɗaya, da sha biyar, da ashirin da tara ga Afrilu. In rundunarka ba ta hau tebur ba, za a ba wani Domnu Valeriu garinka, a rubuta cewa janar ɗinka ya mutu, kuma shi Valeriun ne zai rubuta yadda ya mutu. Da Domnu Horia ya zo nan sai ya rage murya, kamar mai faɗar sunan cuta.

Na ce masa zan rubuto maka. Ka ba Fane direba amsa, bas ɗinsa na tasowa daga wajenku ranar Laraba. Na haɗo maka da cuku da kwalbar zakuska, miyar gauta da tattasai ɗin nan da kake so. Kwalbar ka dawo min da ita.

Tantinka,
Ortansa

*

Kastelon, 14 ga Maris

Tanti Ortansa, ina sumbatar hannunki.

Saƙo ya iso, na gode. Ina lafiya, sai dai bayana, don an mayar da ni wajen ɗaukar kwali. Allah ya sawwaƙe wa gwiwa.

Ki yi dariyarki, kowa ma yana yi. Amma ki saurare ni. Kamfanin da ke ƙera sojojin yana da littattafan tarihin duniyar wasan, sarakunanta da yaƙe-yaƙenta. Mu masu son abin muna rubuta namu labaran a cikin wannan duniyar, ana buga su a 'yar mujallar ƙungiya. Ilarion nawa ne, ni na ƙirƙiro shi ina ɗan shekara goma sha tara. Na rubuta babi sittin da uku a kansa. Mutum huɗu ke karantawa, ɗayansu kuma Valeriu ne, tsohon malamin labarin ƙasa, wanda ke karantawa da jan biro. Ya taɓa aiko min wasiƙa shafi biyu a kan cewa kogin da Ilarion ya haye ba gabas yake kwarara ba. Kogin da babu shi, Tanti.

Wasan kansa ma ba ya ƙaunata. Na shekara biyu ina fentin mahaya dawakai arba'in, watan da na gama kamfanin ya fito da sabon littafin doka ya mayar da dawakai abin banza. Ƙwayoyin lido da muke jefawa kuwa, in ina neman shida, ɗaya suke ba ni. Ban taɓa cin babban yaƙi ba. Amma duk shekarun nan Ilarion bai mutu ba, kuma a nan, in na tashi daga aiki ina jin kamar ni ma kwali ne, shi nake zama in rubuta. In Valeriu ya samu dama, zawo zai sa ya kashe shi, ko ya faɗo daga kan jaki. Ya taɓa yi wa wani haka, mutumin bai sake zuwa ƙungiya ba.

Ba za a ba ni hutu ba sai Agusta. Amma akwai doka ta goma sha bakwai: in mai runduna ba ya nan, ɗan'uwansa na jini zai iya tsaya masa. Kakata Anika da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma a Sibiu ke kaɗai kika rage mana.

Ba na roƙon ki ci yaƙi. Ki jera su kawai, ki ɓoye Ilarion a bayan tudu, shi ne mai farin gemu da tuta, ki bari a ci ki cikin mutunci. Ga bayani shafi shida na haɗo. Ki riƙe su ta gindi, kada ki kama su ta takobi.

Ɗanki,
Sabin

*

Sibiu, 3 ga Afrilu

Sabin,

Ina gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, azumin Ista ne ke cin ciniki, kowa ya daina sayen cuku ya koma wake. Kwalbata ba ta dawo ba.

To, na je yaƙi. Amma kafin yaƙi sai da aka yi min shari'a. Ranar Laraba Domnu Horia da Domnu Valeriu suka zo rumfa tabbatar da jini. Valeriun naka dogo ne siriri, da tabarau a rataye a wuya, yana kallon mutum kamar takardar jarrabawa. Ya ce, "Uwargida, dokar ta ce ɗan'uwa. 'Yar 'yar ƙanin kakan uwa, wannan ai maƙwabtaka ce."

Na fito masa da hoton bikin iyayenka. Na ce, "Ka ga wannan mai riƙe da tukunya? Ni ce. Ka ga hancin amarya? Ka dubi nawa. In kana da irin hancin nan a danginku, ka faɗa min in janye."

Domnu Horia ya duba hoto, ya duba ni, ya ce jini ya tabbata.

Sai suka kawo ta biyu. Wai sojan da ba shi da launi uku a jikinsa ba ya hawa tebur, kuma kana da guda arba'in masu mashi da ko ɗigon fenti ba su gani ba, toka-toka kamar ɓeraye. In an cire su, rundunarka ba ta kai adadi ba, an ci ka tun kafin a fara. Shafi shida ka rubuto min, har da yadda zan yi numfashi kusa da tuta, amma wannan ba ka faɗa ba.

Ka san Saveta, mai rumfar da ke kallon tawa, mai sayar da ƙwan katako na ado? Shekara talatin tana zana ƙwai, hannunta ba ya rawa. Ranar Juma'a muka baje su a kan tebur ɗinta, ita da burushi, ni da miƙo mata. Ta yi musu jajayen riguna irin jan ƙwan Ista, baƙin takalmi, da ɗigon ruwan zinariya a hula. Launi uku cif. Har wata Bajamushiya ta tsaya tana tambaya ko na sayarwa ne.

Asabar da azahar na sauka ɗakinku na ƙarƙashin kantin littattafai. Maza goma sha biyu, har da likitan haƙori da mai gyaran lif, sun sunkuya a kan tebur da tef ɗin awo kamar teloli a gidan makoki. Na jera shuɗayenka, aka gyaɗa kai. Sai na fito da jajayen. Mai gyaran lif ya yi alamar gicciye. Domnu Valeriu ya ɗora tabarau a hanci a hankali, ya ce, "Ja."

Na ce, "Ido lafiya, Malam. Ja ne."

Ya ce, "Domnu Horia, a rubuta. Ilarion ya shigo fili da Jajayen Riguna a bayansa."

Na yi yadda ka ce. Na ɓoye tsohon a bayan wani tudun soso, aka karkashe min mutum sittin, aka tashi. Janar ɗinka ko ƙwarzane babu. Sai dai kowa ya yi min sallama kamar wadda aka yi wa rasuwa, Valeriu kuma ya fita yana fito. Mutum irin wannan in yana fito, wani ne zai yi kuka. Me na yi?

Ortansa

*

Kastelon, 11 ga Afrilu

Tanti,

Ina gaisuwa, ina lafiya, ko kuma ina lafiya kafin Fane ya miƙo min wasiƙarki.

Jajayen Riguna su ne maciya amana. A duk littattafan wasan, su ne rundunar da ta karya rantsuwa ta buɗe wa maƙiya ƙofar birni. Ba mai sa ja sai su. Ilarion kuwa, babi sittin da uku, abu ɗaya ya tsaya a kai: bai taɓa karya alkawari ba. Jajayen ne suka kashe masa budurwa a babi na tara, ya rantse a kan kabarinta ba zai huta ba, ba zai yi aure ba. Yanzu kin shigo da shi fili suna take masa baya. Valeriu ba ya bukatar zawo kuma. Zai rubuta cewa tun farko munafuki ne, kuma duk abin da na rubuta ƙarya ce.

Kin san abin da ya sa arba'in ɗin nan ba su da fenti? Kamfanin ya daina yin shuɗin da na fara da shi. Na shekara huɗu ina haɗa launuka ina neman irinsa, ban samu ba, kuma ba zan sa musu wani shuɗin daban su tsaya kusa da 'yan'uwansu ba. Shekara huɗu, Tanti, Saveta ta gama da su a yini ɗaya.

Ban rubuta miki maganar ja ba ne don ban taɓa zaton akwai mai rai da bai san wannan ba. Na san ba da gangan kika yi ba. Ki jiƙa su a man birki kwana biyu, ki goge da tsohon burushin haƙori. Kwalbar tana wajen Fane.

Sabin

*

Sibiu, 17 ga Afrilu

Sabin ɗana,

Gaisuwa da fatan bayanka ya saki. Kwalba ta iso, ba murfi. Mun shiga makon ƙarshe na azumi, gari duk ƙamshin burodin Ista, ni kuma ina nan ina yaƙi a madadin mutumin da ke fushi da ni.

Man birki bai yi amfani ba, don ban ma saya ba. Na tambayi Domnu Horia ya ce abin da ya riga ya hau tebur ya zama tarihi, ko na wanke su an riga an gani. Amma ya faɗa min wani abu da kai ba ka faɗa ba: wanda ya ja runduna a fili, shi ke da haƙƙin rubuta babin wannan yaƙin. Wato ni.

Sai na ce bari in san mutumin da zan kare. Na kwaso mujallunku daga akwati na huɗu, na karanta babinka sittin da uku a rumfa, tsakanin mai saye da mai taya. Zan faɗa maka gaskiya don ba wanda zai faɗa maka sai na gida. Ka iya rubutu. Wajen da dokinsa ya mutu a cikin ƙanƙara sai da na juya wa Saveta baya. Amma ɗan nan, mutumin nan shekara tara bai ci abinci ba. Na duba. Ba ya ci, ba ya dariya, ba ya cire takalmi. Da an taɓa shi sai ya hau dutse ya yi jawabi shafi uku a kan amana, sojoji na tsaye cikin sanyi. Da ni ce sojansa da na gudu tun babi na goma, ba don cin amana ba, don yunwa.

Ga abin da na rubuta, shafi ɗaya da rabi. Na ce mutum arba'in ɗin nan sun shekara huɗu suna bin Ilarion ba riga, saboda janar ya rantse ba za su sa kowane shuɗi ba sai irin na da, masu rini kuma sun daina yi. Da sanyi ya kai sanyi, sai wata tsohuwa mai dafa wa runduna abinci ta je filin da aka kashe Jajayen Riguna, ta tuɓe gawarwakin, ta wanke, ta ɗinke hujin mashi, ta raba wa yara. Janar ya fito zai hau dutse, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ka sauko ka sha miya. Amana a ƙirji take, riga kuwa maganin sanyi ce." Ya sauko ya sha. Kwano biyu.

Ranar Asabar kafin a fara aka ce in karanta. Likitan haƙori ya yi dariya har ya zauna a kan wani dajin roba da ke bakin tebur. Mai gyaran lif ya ce shi ma yana da guda saba'in da ba fenti tun kafin ya yi aure. Ashe duk ɗakin kowa yana da tsiraran sojoji a gida yana jin kunyarsu.

Valeriu kaɗai bai yi dariya ba. Ya buɗe wani littafi mai kaurin bulo ya ce, "Shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Ba a sa ja sai da rantsuwa."

Na ce, "Malam, shafin ya faɗi abin da ake yi in mutum yana jin sanyi?"

Ya ce, "Littafin bai yi maganar sanyi ba."

Na ce, "To wanda ya rubuta shi yana da murhu."

Aka yi karawa ta biyu. Wannan karon na ɗan gane kan abin. Awo ne da lura da idon mutum, aikina na kullum. Duk wanda zai kawo hari ta hagu sai ya riƙa kallon dama. Jajayen Saveta suka tare wata gada suka hana kowa wucewa. Ba mu ci ba, ba a ci mu ba, tsohon yana bayan tudunsa.

A nan ne Valeriu ya samu abin kamawa. Ya ce, "Ga shi nan. Jajaye na mutuwa a gada, shi yana ɓoye. Haka maciya amana suke yi." Aka yi ta musu har Domnu Horia ya buga tebur da rula ya yanke hukunci, kuma saboda hukuncin nake rubuto maka. A karawar ƙarshe, in Ilarion ya fito gaban runduna ya fuskanci mayaƙan Valeriu ido da ido, sunansa ya wanku, labarin miya ya zama tarihi. In ya sake kwana a bayan tudu, zai rayu, amma a matsayin maci amana, kuma haka za a buga.

Na tambayi likitan haƙori ko tsohon zai iya faɗa. Ya ce a sabuwar doka ko akuya mai ƙaho za ta iya kayar da shi.

To ka zaɓa, naka ne. Rai ko suna. Ka ba Fane amsa ta iso ni kafin ashirin da tara.

Ortansa

*

Kastelon, 24 ga Afrilu

Almasihu ya tashi, Tanti.

Ina sumbatar hannunki, ina kuma neman gafara a kan wasiƙata ta baya. Mun yi Ista a nan mu takwas a ɗaki ɗaya, da ƙwai da muka rina da ɓawon albasa. Na karanta musu babinki. Wani ɗan Moldova da bai san komai a kan wasan ba ya ce a sake karanta wajen miyar. Ni babi sittin da uku ban taɓa samun wanda ya ce in sake ba. Na ji haushi kwana ɗaya, sannan na koma na duba, gaskiyarki ne, bai taɓa cin abinci ba.

Ki fito da shi. Na san zai mutu. Na shekara tara ina ɓoye shi a tebur ina rubuta shi jarumi a takarda, kuma Valeriu, duk da ba na son faɗa, ya gano wannan tun da daɗewa. Gara ya tafi da sunansa.

Na rubuta mutuwarsa, ga ta nan, shafi goma sha huɗu. Ba jawabi a ciki. Ki roƙi Domnu Horia ko zai yarda a buga nawa maimakon na Valeriu, ko da a ƙarshen mujalla ne da ƙananan haruffa. In an gama, ki mayar da shi cikin sosonsa, ki kwantar da tutar a gefensa.

Ɗanki,
Sabin

*

Sibiu, 3 ga Mayu

Hakika ya tashi, Sabin.

Ina lafiya, gwiwa ta gode wa rana, cuku ya dawo da darajarsa. Wasiƙarka ta iso ranar Litinin, kwana biyu bayan an gama yaƙi. Fane ya tsaya ƙauyensu cin ragon Ista, bas ya kwana huɗu a ƙofar gidan surukarsa. Don haka ranar Asabar na sauka ɗakin nan ba tare da na san ra'ayinka ba, sai na yi nawa.

Na fito da shi. Na ɗauke shi ta gindi yadda ka koya min, na dasa shi a gaban jajayen Saveta, tuta a sama. Mai gyaran lif ya cire hula. Domnu Horia ya ce, "A rubuta, sunan Ilarion ya wanku." Wannan kam ka samu, ba mai ƙwace maka.

Daga nan aka jefa ƙwayoyi. Ka ce ba sa ƙaunarka, to ni ma ba su san ni ba. Tsohon ya kai sara uku, duka iska ya sara. Wani ƙaramin maharbi na Valeriu, wanda ko suna ba shi da shi, ya kwantar da shi a zagaye na biyu.  Amma ashe in janar ya faɗi akwai ƙwaya ɗaya da ake jefawa a ga makomarsa. Na hura mata iska kamar yadda na ga suna yi, na jefa. Huɗu. Domnu Horia ya duba littafi ya ce, "Bai mutu ba. An kama shi. Wanda ya kama shi ke da ikon yanke masa hukunci, nan da mako guda."

Valeriu ya ɗauki Ilarion ya sa a aljihun gaba, kusa da jan biro.

Ka san ni ba na zuwa ciniki ban san abin da mutum yake so ba. Ba daren jiya ba, tun makon da ya wuce na karanta nasa babin, duka arba'in da ɗaya. Allah ya ba ni lada. Duwatsu, koguna, yawan ruwan sama a kowane wata. A tsakiyar wannan duka akwai wata Sarauniya Ruksanda, mijinta ya mutu a babi na biyu, tun daga nan take tsaye a taga tana kallon kwari. Babi talatin da tara a taga. Mutumin bai san yadda zai sauko da ita ba.

Ranar Lahadi bayan coci na gayyace shi gida, na ajiye masa naɗin kabeji da nama, da burodin Ista. Sai da ya ci na biyar na ce, "Malam, wace irin mutuwa ka tanadar wa tsohon?"

Ya goge baki ya ce, "Ina tunanin rijiya."

Na ce, "Rijiya ta yi. Shafi ɗaya, a yi dariya, a manta. Ita kuma baiwar Allah ta koma taga."

Ya ajiye cokali. "Kin karanta?"

"Har da ruwan saman watan Yuni. Wajen da ta ji ƙarar ƙanƙara na fashewa a kogi ta ɗauka mijinta ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, wannan wajen ba malamin labarin ƙasa ne ya rubuta shi ba, mutum ne."

Sabin, kunnuwansa suka yi ja. Shekara tara ba wanda ya taɓa faɗa masa jimla ɗaya daga rubutunsa, shi ya sa yake bin na mutane da biro. Na ce, "Ga mace da gari ba miji. Ga namiji a kurkukunta, mai amana da shaidar alƙali, ya iya shan miya. Ka jefa shi rijiya ka samu gari ɗaya. Ka aura mata shi ka samu gari biyu da labarin da za a karanta."

Ya ce, "Ya rantse ba zai yi aure ba. Babi na tara."

Na ce, "Fursuna ne. Wa ya tambaye shi?"

Ya ci na shida, ya ce a ba shi daren nan ya duba ko littafi ya hana. Littafi bai hana ba. Jiya Domnu Horia ya sa hannu. Janar ɗinka yana raye, sunansa fes, garinka yana nan, kuma an ɗaura masa aure da Sarauniya Ruksanda a kan tebur, gaban mutum goma sha biyu, likitan haƙori ne ya tsaya a matsayin uban ango. Na kai cuku.

Shafi goma sha huɗunka na karanta su a rumfa. Shi ne mafi kyawun abin da ka taɓa rubutawa, har na ba wata mata cuku ban auna ba. Na adana maka shi a akwati. Kowa zai bukaci irinsa wata rana, amma mutuminka ba yanzu ba.

Saura abu ɗaya. Tunda garuruwan biyu sun zama gida ɗaya, doka ta ce rundunoninku gefe ɗaya za su riƙa tsayawa a tebur, labarinku kuma ya zama ɗaya, babi ɗaya duk wata, da sunayenku biyu a ƙasa. Domnu Valeriu ya riga ya sayi sabon biro, yana kiranka surukinsa, kuma ya zo rumfa yau da safe musamman don in tambaye ka, ya san yadda zai tsara lokacinsa. Babi na gaba, kai za ka rubuta ya gyara, ko shi zai rubuta ka yi haƙuri?

Tantinka,
Ortansa